Fosforas ya yi yawa a ruwan dattin injin casarmu: alif za mu saya, ko akwai wata hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manaja ne a wani injin casar shinkafa a yankin Argungu. Muna jiƙa shanshera kamar tan 20 a rana, ruwan dattin da ke fita mana duka-duka ya kai lita 70,000. Ba mu da matatar ruwan datti tamu, bututu ne ke kai ruwan matatar wani kamfani maƙwabcinmu, muna biyan su duk wata. Sun ɗebi ruwa a ramin da komai ke taruwa suka gwada, suka ce fosfet ya kai miligiram 60 a kowace lita, kuma in ba mu sauko da shi ƙasa da 15 ba za su toshe bututun. Wani dillali ya ce mu riƙa zuba alif a ramin, shi ke nan. Mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku saya tukuna. Alif na kama fosforas, dillalin bai yi ƙarya ba, amma a irin ruwanku shi ne abu na ƙarshe da zan kai hannu gare shi, kuma ba a wancan ramin ba.

Sai mun fara fahimtar abin da ya raba fosforas da sauran dattin da ke cikin ruwan. Sitaci da mai da ɓurɓushin dusa abincin bakteriya ne, a matata suna cinye su, rabi ya tashi iska ya tafi. Naitirojin ma akwai dabarar mayar da shi iska. Fosforas ba ya tashi. Duk giram ɗin da ya shiga bututunku ƙofa biyu kawai gare shi a matatar maƙwabcinku: ko ya kwanta cikin laka a kwashe, ko ya bi tataccen ruwa ya faɗa gulbi. Matata irin ta yau da kullum, wadda ke aiki da bakteriya da hura iska, abin da take cirewa bai wuce kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ba, iya abin da bakteriyan suka ci don gina jikinsu. Ragowar sai da magani, magani kuwa kuɗi ne, kuma yana ƙara lakar da za a kwashe. Ga doka a wuyansu: ƙa'idar zubar da ruwan masana'antu ta 1991 ta kayyade fosfet a miligiram 5 a lita ga ruwan da za a saki cikin rafi ko gulbi, kuma tun 2007 NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ce ke bin sawun irin wannan a matakin tarayya. Matsin da suke yi muku daga nan ya samo asali.

Yanzu ɗauko takardar gwajin ka duba abin da aka rubuta kusa da 60 ɗin. In PO4 ne, fosfet aka auna, kuma zallar fosforas ɗin da ke ciki kashi ɗaya cikin uku ne, wato kamar miligiram 20. In kuwa P aka rubuta, wato zallar fosforas, to matsalar ta ninka abin da kake zato sau uku. Wannan ruɗanin ya sha haɗa masu masana'antu da masu matata faɗa, kowa na riƙe da takarda, kowa na ganin shi ke da gaskiya. Sa'annan ka tambaya ko jimlar fosforas aka auna, wadda sai an dafa samfurin da asid kafin a karanta, ko kuwa narkakken nan ne kawai da 'yar takardar gwaji ke nunawa. A ruwan shinkafa bambancin na da girma, don wani kaso na fosforas ɗin a ɗaure yake cikin sinadaran ƙwayar, gwajin sauri ba ya ganinsa.

Mu ɗauka PO4 ne. Miligiram 20 sau lita 70,000 ya ba da kilo 1.4 na fosforas a rana. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50, zallar fosforas ɗin da ke cikinsa kilo 3.3 ne. Ke nan duk kwana biyar kuna tura fosforas ɗin buhu biyu cikin bututu, kuna kuma biyan wani ya raba ku da shi, a jihar da manoma ke kukan tsadar taki, a ƙasar da sai an yi odar fosfet daga Maroko kafin a haɗa takin. Ka saba da lissafin kilo a rana. Miligiram a lita yana da sauƙin yaudara: kowa na iya buɗe famfo ya sirka ramin da ruwan burtsatse adadin ya sauko, amma kilon da ya isa matata yana nan yadda yake. Mai matatar da ya san aikinsa zai gane cikin mako guda, kuma amana ta ɓaci ke nan.

Daga ina kilo 1.4 ɗin yake fitowa? Ramin da suka ɗebi ruwa ba zai faɗa maka ba, don can komai ya gauraya. Ka samo tsabtatattun robobi, waɗanda ba a wanke da garin sabulu ba (wasu sabulan da kansu suna da fosfet), ka ɗebi ruwa wuri huɗu dabam-dabam: bakin tankin jiƙo lokacin da ake sakinsa, ruwan da ake fitarwa daga gindin tukunyar tururi, kwatar da ruwan wanke daɓe ke bi, da layin banɗakuna da kicin. Kada ka ɗiba sau ɗaya ka ce ka gama. A kowane wuri ka riƙa ɗibar kofi guda lokaci-lokaci tun safe har a tashi aiki, kana tarawa a roba ɗaya cikin kula mai ƙanƙara, kashegari da sassafe a kai ɗakin gwaji. Sashen kimiyyar sinadarai ko na nazarin ƙasar noma a jami'o'in da ke Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato su ne wuraren da zan fara tuntuɓa. Ka kuma ƙiyasta litar kowane layi, ko da da durom da agogo ne.

Abin da nake sa ran za ka gani shi ne ruwan jiƙo ya kwashe kusan duka. Ƙwayar shinkafa tana ajiye mafi yawan fosforas ɗinta a fatar nan da ke zama dusa, cikin wani sinadari da ake kira fayitet. Idan shanshera ta kwanta cikin ruwan zafi, wani kaso na narkewa ya fito. Kowane kilo na shanshera yana barin kamar lita ɗaya ko ɗan fiye na ruwan jiƙo, don haka naku zai kai lita 24,000 a rana. Mu ƙaddara gwaji ya nuna miligiram 50 na fosforas a litar wannan ruwa, wanda ba abin mamaki ba ne a gidan casa. Kilo 1.2 ke nan cikin 1.4. Saura giram 200 a cikin lita 46,000, wanda in ka mayar da shi fosfet bai wuce miligiram 13 a lita ba. Ka ga da raba layi kawai, ba ka sayi ko cokalin magani ba, ka sauka ƙasa da 15 ɗin da suka nema. Lambobinku na gaskiya za su bambanta da waɗannan, amma da wuya fasalin ya canza: ruwa kaɗan ne ke ɗauke da kaya mai yawa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya gauraya da sauran, sa'annan a zo ana neman maganin da zai ishi lita 70,000.

Kafin mu zo kan yadda za a yi da ruwan jiƙon, akwai abin da ya fi komai arha, kuma a idon kowa yake faruwa. Ka tsaya a ɗakin injin da yamma lokacin tashi. Ƙurar dusa ta kwanta a daɓe, a kan bel, a ƙarƙashin injin gogewa. Yaron da aka bar wa shara ya gaji, tsintsiya na jingine a bango, sai ya ja tiyo ya bi daɓen da ruwa, cikin minti goma wuri ya yi fes, farin ruwa mai kauri yana gangarawa kwata. Dusar shinkafa tana da fosforas kamar giram 15 ko fiye a kowane kilo. Kilo goma da aka kora da tiyo ya kusa cinye giram 200 ɗin nan da muka ce ya rage muku. Dusar nan kuma masu kaji da masu kiwon kifi da kuɗinsu suke nemanta. A share a busasshe, a kwashe a buhu, sa'annan a taɓa ruwa. A sa raga a bakin kowace kwata, a ba mutum ɗaya alhakin kwashe ta. Tokar ɓuntu ma a daina tura ta magudana.

A tankin jiƙo, a tace shanshera sosai kafin ta shiga, don ƙura da karyayyar ƙwaya da wadda ɓawonta ya buɗe su ne ke saurin zubar da abin cikinsu. A tsare zafin ruwa tsakanin digiri 60 zuwa 70, a kuma tsare lokaci. Ruwan da ya zarce haka yana fasa ƙwaya, sitaci da fosforas su tsiyaye, shinkafar ma ta yi asarar kyau. Jiƙon ruwan sanyi na kwana biyu ko uku, irin na masu gumi a gida, shi ke kawo tsamin nan da wari. Tukunyar tururi kuwa, ka tambayi mai kula da ita wane magani yake zubawa don hana tsatsa da ƙanzo. Da yawa fosfet ne, kuma a kan riƙe shi tsakanin miligiram 30 zuwa 60 a litar ruwan tukunya. Ruwan da ake fitarwa ba shi da yawa, amma in mai tukunya da ido yake awo, zai zuba fiye da kima. Ƙaramin akwatin gwaji ya wadatar.

To ruwan jiƙon fa? A ra'ayina gona ce gidansa na asali, in kuna da fili ko akwai manomi kusa da zai karɓa. Babu kashin mutum a ciki matuƙar ba ku haɗa shi da layin banɗaki ba, kuma bayan fosforas yana ɗauke da fotash da ɗan naitirojin. Sai dai ba a kwarara shi haka nan. Yana fitowa da zafi, da tsami, da sitacin da in ya ruɓe a gindin shuka zai shanye iskar ƙasa saiwa ta shaƙe. A tara shi a kududdufin da aka yi wa daɓe ya huce, gwiɓa ta kwanta, a sirka da ruwan ban-ruwa, a riƙa juya filin da ake ba wa. Masara, rake, ciyawar dabbobi da itatuwa sun fi dacewa. Latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye a bar su. A gwada ruwan ko da sau ɗaya don dalma da asenik, tunda shinkafa na jan asenik daga ƙasa. Matsalar wannan hanya damina ce. A Agusta da Satumba, lokacin da fadama ta cika, duk abin da ka zuba gona gulbi ka zuba wa, kuma mutanen Kebbi ba su manta ambaliyar 2020 ba. Don haka ko da gonar, kuna bukatar hanya ta biyu ta watannin ruwa.

Nan ne magani ke shigowa, a ƙaramin tanki, kan lita 24,000 kaɗai. Ga dalilin da ya sa ban zaɓi alif ba. A lissafin takarda kilo 10 na alif ke kama kilo 1 na fosforas. A aikace sai an zuba 15 zuwa 20, a ruwa mai sitaci irin naku ma fiye, don sitacin da sauran datti suna cin nasu rabon. Alif ya fi aiki in ma'aunin tsami, wato pH, yana wajen 6 zuwa 7, kuma shi kansa yana ƙara wa ruwa tsami. Ruwan jiƙon da ya kwana ya riga ya yi tsami, in ka ƙara masa alif zai faɗi ƙasa da inda maganin ke kamawa, ka ga ruwa ya ƙi washewa, ka ƙara zubawa, abin ya ƙara lalacewa. In ma ya kama, lakar da za ta fito fosforas ne ɗaure da alminiyam, ɗaurin da shuka ke wahalar kwancewa. Ka sayi magani, ka kuma samu lakar da ba mai so.

Layim, farar hodar nan da ake gyara ruwan famfo da ita, ya fi dacewa da ruwanku. Yana kashe tsamin, kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana kama narkakken fosfet, yana kuma kama fayitet. In pH ya haura 10 yawancin fosforas ɗin zai kwanta. Lakar kuwa fosfet ɗin kalsiyam ce, dangin abin da ke cikin dutsen da ake yin taki da shi, in ta bushe a kan shimfiɗar yashi a gauraya ta da takin gargajiya a kai gona. Yana da nasa sharri: lakarsa ta fi ta alif yawa, yana yin ƙanzo a bututu da famfo, yana cin fata, in ya shiga ido kuwa babbar magana ce, don haka tabarau da safar hannu dole ne. Ruwan da ya fito daga tankin layim ma ba a tura shi matata da pH 10, sai ya gauraya da sauran ruwanku ya sauko.

Adadin da za a zuba, babu wanda zai faɗa maka daga nesa, ni ma haka. Yawan layim ya fi bin yanayin ruwan fiye da yawan fosforas ɗin. Ka jera kwalabe shida masu faɗin baki, kowace da lita ɗaya na ruwan jiƙo na ranar. Ta farko a bar ta haka, sauran a zuba musu layim da aka dama, ana ƙara yawa daga wannan zuwa waccan. A juya da ƙarfi minti ɗaya, a juya a hankali minti goma sha biyar, a bar su rabin awa. Za ka ga wasu sun yi gajimare-gajimare sun kwanta sun bar ruwa garau a sama, wasu suna nan kamar tsinkakken koko. A auna pH da fosforas na ruwan saman kowace, a kuma duba tsawon lakar a gindi. Kwalbar da ta kai ku inda kuke so da mafi ƙarancin magani ita ce awonku. Ka sa dillalin ya zo da alif ɗinsa a jera wasu shida a gefe, kowa ya gani da idonsa.

Kada kuma a wuce gona da iri wajen cirewa. Bakteriyan matata suna bukatar fosforas, kamar kashi 1 ga kowane kashi 100 na dattin da suke ci, da kashi 5 na naitirojin. In ka tura musu ruwa mai sitaci da yawa wanda aka tatse fosforas ɗinsa ƙaf, lakarsu za ta kumbura ta ƙi kwanciya, su sake zuwa da wani ƙorafin. Shi ya sa zama da mai kula da matatar, shi kansa injiniyan ba akawun da ke karɓar kuɗi ba, ya fi wasiƙa amfani. Ka tambaye shi kilo nawa a rana matatarsa ke iya ɗauka, kuma a wane lokaci. Sau da yawa abin da ke dagula masa aiki shi ne a saki tankin jiƙo gaba ɗaya cikin rabin awa, da zafinsa da tsaminsa. Tankin da zai riƙe ruwan yini guda ya riƙa sakinsa sannu-sannu cikin awa 24 yana iya sassauta rabin rigimar. In za ku sabunta yarjejeniya, a rubuta ta da kilo a rana, a kuma fayyace P ne ko PO4.

Wasu za su ba ka shawarar kududdufi mai kainuwa ko kachala. Yana taimakawa, amma ciyawar ba ta cire komai sai an yanke ta an fitar. In ta mutu a ciki, abin da ta sha ya koma ruwa. Marmara, jan dutsen nan da ake zuba wa hanya, tana kama fosfet saboda ƙarfen da ke cikinta, kuma tana da amfani a matsayin matatar ƙarshe ga ruwan da ya riga ya washe. Ita ma tana ƙoshi, sai an riƙa canza ta.

Masu wasu sana'o'in da ke karanta wannan, tsarin ɗaya ne, wurin ɓuyar ne ya bambanta. Mai yogot: litar madara ɗaya tana da fosforas kamar miligiram 900, don haka ragowar da ke gindin tukunya da ruwan ɗaurayar farko su ne abin tarewa, a ba dabbobi. Mayanka: jini da abin cikin tumbi, wanda yake cike da fosfet saboda yawun shanu da tumaki na ɗauke da shi, a kwashe su a busasshe kafin a kawo ruwa. Masu tace man gyaɗa da na auduga: dankon da ake cirewa daga mai fosforas ne, kuma sau da yawa da asid ɗin fosforik ake cire shi. Otal da gidan wanki su duba bayan buhun sabulunsu. Tarayyar Turai ta taƙaita fosfet a sabulun wankin kaya tun 2013, a na injin wanke kwanuka tun 2017, don haka marar fosfet ba baƙon abu ba ne a wurin masu kera sabulu.

Ka ce duk wannan wahala a kan kilo ɗaya da 'yan kai? A ruwan tafki da na gulbi fosforas ne yawanci ke ƙaranci, shi ke taka wa gansakuka birki, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram a lita ba ya isa ya sake ta. A 1973 masu bincike a Kanada suka raba wani tafki biyu da labule, suka zuba wa ɓangarorin biyu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosforas. Wannan ɗayan ne ya koma kore shar. A Agustan 2014 birnin Toledo na Amurka ya yi kwana uku mutane kusan 400,000 ba su iya shan ruwan famfo ba, saboda gubar gansakukar tafkin Erie. Mu nan zafi na ƙara tsananta abin: ruwa mai digiri 30 oksijin ɗin da yake riƙewa kamar miligiram 7.5 ne a lita, alhali mai digiri 20 yana riƙe 9. Da rani gulbin Rima ya ja baya ya bar ƙananan tafkuna, gansakuka ta sha iskar da dare, kafin asuba kifi ya taso ciki sama. Ruwan da ya bar matatar maƙwabcinku wannan gulbin yake bi, ya wuce Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara, ya gangara Yawuri da tafkin Kainji, kuma masunta ne a duk tsawon hanyar.

In sakamakon robobi huɗun ya fito, ka turo shi tare da litar kowane layi da pH na ruwan jiƙo, na lokacin da aka sake shi da na bayan ya kwana. Da su za a san girman tankin da za ku gina, da ko layim ɗin na duk shekara ne ko na damina kawai. Wa'adin da suka ba ku kuwa, ka je da takardar gwajin da shirin raba layin ka nemi ƙarin wata biyu, don bututu da siminti ba sa gamuwa a mako guda.